Yaya Nima ta cika haka, kuma me mai neman ɗakin haya zai duba?

Sani Mai Goro:
Assalamu alaikum. Tambayata ga mutanen Akra ce. Unguwar Nima da ke Akra, babban birnin Gana, tana dab da fadar shugaban ƙasa da unguwannin masu hali, amma ana cewa wasu lungunanta ko mutum biyu ba sa iya jerawa. Me ya jawo haka? Sannan baƙon da zai kama ɗaki a can, me ya kamata ya duba kafin ya ba da kuɗi?

Malam Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Asalin wurin makiyaya ce. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya karɓi filin daga gidan Odoi Kwao na Osu, wata tsohuwar unguwa a Akra, ya riƙa yanka wa baƙi filaye. A lokacin Nima tana wajen iyakar birni, saboda haka ba awon titi, ba magudanar ruwa, ba mai tambayar takardar gini. Kowa ya kafa ɗakinsa inda aka nuna masa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara mata jama'a, domin sojojin Amurka sun yi sansani kusa da filin jirgi, leburori da masu dafa abinci da masu wanki suka zauna a nan. Da aka gama yaƙi tsofaffin sojoji suka biyo baya. Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Dagombawa, Kotokoli, duk Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙin da ba su da takarda, gidaje da yawa suka canza hannu, amma unguwar ba ta daɗe ba ta sake cika. Shi kuwa babban titin Nima an yanka shi ne bayan gidaje sun riga sun zauna, shi ya sa da ka sauka daga kansa sai lungu.

Hajiya Mai Koko:
Malam ya gama da tarihi, bari in taɓa haya. Yawancin gidajen ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da iyalinsa. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a zahiri shekara ɗaya ko biyu ake nema, ga na dillali daban. Kada ka biya sai da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, kuma ka tabbata wanda ya karɓa yana da iko. Gidajen gado ne da yawa, wani magaji ya ba ka ɗaki, wani ya zo ya ce bai sani ba.

Ka tambayi banɗaki tun kafin ka ga ɗakin. Gidaje da dama an mayar da banɗakinsu ɗakin haya, sai na kuɗi a bakin hanya, kowace shiga da biyanta, da asuba kuma layi ne. Mai iyali ya lissafa wannan cikin kuɗin wata, don ba ƙarami ba ne. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, ana saye a wurin masu tanki da jarka mai ruwan ɗorawa, wadda suke kira galan ɗin Kufuor, wato tsohon shugaban ƙasa. Mitar wutar lantarki kuma ta kati ce, in ɗaya ce ga gida duka, a yanke rabon kuɗin tun farko bisa yawan kayan wutar kowa, in ba haka ba mai firji da mai ƙwan fitila ɗaya kullum suna cikin rigima.

Injiniya Bawa:
Hajiya, a ƙara da babban kwalbatin da ya raba Nima da Mamobi. Ruwansa yana gangarawa zuwa kogin Odaw. Inda motar shara ba ta shiga, leda da robar ruwa a ciki suke ƙarewa, su toshe bakin gadoji, ruwa ya komo gidaje. Damina mai ƙarfi a Mayu da Yuni take. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, ta ci rayuka fiye da 150, kuma toshewar magudanai na cikin dalilanta.

Malam Sani, ka dubi bango daga ƙasa. In ka ga zanen laka ko fenti ya kumbura zuwa gwiwa, ruwa na shiga. In an ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, masu gida sun san abin da suke tarewa. Ka dubi bututun ruwan sha: wanda ya bi ta cikin kwata, in ya tsage, yakan zuƙi ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke ruwa, ta nan kwalara ke samun hanya, kamar yadda ta addabi Akra a 2014.

Hajiya Mai Koko:
Na manta, ka je ganin ɗakin ranar Laraba, ranar babbar kasuwa. Manyan motocin hatsi da albasa suna tare hanya, a nan za ka san ko kayanka za su iya isa ƙofar gidan ko sai an ɗauko 'yan dako.