Masu kyamarar fim na Sakkwato, in fim ya cika cikin bazara ya kuke yi da shi?

Ɗan Runjin Sambo:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu harka da tsohuwar kyamara mai cin fim nan cikin gari. Mun shiga Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, ko tsakar dare bangon ɗaki bai huce ba. To in ka gama hoto 36 ɗinka ka naɗe fim, sai mi kuma? Sitidiyon da nike kai wanki sun tattara injin sun koma buga hoton waya, kuma kun san fim ɗin da anka riga anka ɗauka bai son jira. Pentax K1000 ta kawuna nike riƙe da ita, ita kam ba ruwanta da zafi, batir ɗinta ma na mitar haske na kawai, ko babu shi tana bugawa. Fim ɗin ad damuwata. Don Allah kowa shi faɗi abin da yag gani da idonai, ba na YouTube ba.

Mai Zenit:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni bara aikawa nayyi Legas ta motar haya, fim mai kala, na ɗauki kasuwar Kara ana gobe babbar sallah, raguna da 'yan tireda da ƙura komi da komi, sannan 'yan kwale-kwale wajen gadar Kwalkwalawa da marece. Ambulan ɗin ya kwana tasha cikin but ɗin mota kahin su cika su tashi, sannan ga tafiyar kanta, da sunka turo mani sikan wlh sai da nay yi shiru, fararen riguna sun koma wani ja-ja mai shuɗi, inuwa duk ta yi toka-toka babu baƙi na gaske, ga tsaki-tsaki ko'ina. Na gadar sun ɗan yi kyau a haka, har wasu na tambayata wace fita nis sa hhh, amma na kasuwa kam sun tahi. Kyamarar lahiya lau take, Zenit-E ta, ƙarfen Rasha, ga gilashin Helios 58 ɗinta garau, zafin mota na yad dafa fim. Yanzu in zan aika sai in samu mai tafiya shi saka cikin jikkar hannunai, kuma in jirgi zai hau ina roƙonai shi ce a duba da hannu, sabbin injinan binciken nan masu CT suna ɓata fim.

Baba Mai Hoto:
Yarana sannunku, Allah shi yi albarka da kunka tada wagga sana'a. Mu da munka yi sitidiyo tun ana cika fom da fasfo baƙi da fari, ba mu aika fim ko'ina, bayan shago muke wanke abinmu. Baƙi da fari ruwan digiri 20 yake so, da hunturu ba wahala, ruwan da ya kwana waje da asuba ya ishe ka. Bazara ta ad da aiki. Abin da muke yi, randa biyu, a cika su tun marece a aje inda iska ke ratsawa, a tashi wanki bayan sallar asuba kahin rana ta hito. Ruwan randa ba kullum shike sauka 20 ba, to sai ka rage lokaci, kowane digiri guda da ya ƙaru ka cire wajen kashi 10 cikin 100 na mintocin. Amma kar ka bari lokacin ya gaza minti 5, wankin ba shi yin daidai, wani gefe shi fi wani. In ka ga zai gaza sai ka ƙara ma magani ruwa. Wanda ke da maganin wanki Rodinal ya huta, kashi 1 cikin 50 na ruwa da fim ɗin HP5 minti 11 na a digiri 20, ka ga akwai wurin ragewa, kuma kwalbarsa na shekaru ba ta mutu ba.

Abin da nika ja maku kunne kansa shi na ƙanƙara. Yaro shi sanyaya difalofa, maganin da ke hiddo hoto, da ƙanƙara shi kai ta 20, sannan shi ɗauraye da ruwan famfo mai zahi, nan take fuskar fim ta tsattsage kamar laka ta fadama da rani, kuma wanga ba shi da gyara. Difalofa da fiksa, maganin da ke tsaida hoto, da ruwan ɗauraya duk su zauna cikin baho guda su yi zahi ɗaya. Gara duka su tsaya 24 da wani 20 wani 35.

Hajara Gwiwa:
Baba Allah ya ƙara lafiya, ina ta rubutawa a littafi. Ni dai na kala nake wankewa a gida kuma abin da zan faɗa zai ba wasu mamaki, zafin garin nan gata ne ga mai wanke kala. C-41, wato wankin fim mai kala, digiri 37.8 yake so, difalofa minti 3 da sakan 15, mutanen Turai har injin ɗumama ruwa suke saye don su riƙe wannan zafin, ni kuwa ruwan tankin saman gidanmu da la'asar sai ma na sirka shi da na randa ya sauko. Ina zuba shi a babbar kula, in tsoma kwalaben magani da tankin wankin su zauna har tamomita ta tsaya, kuma da yake iskar ɗakin ma kusan zafinta ke nan ruwan ba ya saurin hucewa ana cikin aiki. Da hunturu ne nake shan wahala, sai da filas ɗin ruwan zafi a gefe ina ƙarawa kaɗan kaɗan.

Inda zafi ke cuta ta shi ne maganin da aka riga aka haɗa, ba ya jimawa, yana yin duhu ya rage ƙarfi. Shi ya sa ba na haɗawa sai na tara fim, kit ɗin maganin na lita 1 yana cin fim goma sha wani abu, in cika kwalaba har baki in matse iska. Matsalar kuma tarawar na nufin fim ya zauna jira, ka ga an dawo kan tambayar Yaya ɗan Runjin Sambo.

Abu Mabera:
Ni fa ina karatu ina dariya, randa, kula, tamomita, duk don hoto 36 da ba ka san ko sun fito ba? Wayata ta ɗauki dubu kafin ku gama auna ruwa.

Mai Zenit:
Malam Abu nemo muna hoton da kad ɗauka da wayarka ta farko mu gani. Nagetif ɗin auren iyayena na nan cikin adaka.

Ɗan Illela:
Batun ajiya ni zan ce wani abu. Firij shi ne daidai in wuta na zama, takardar Kodak ma cewa ta yi in ajiyar za ta daɗe a sa shi a digiri 13. Amma firij da zai yi sanyi da dare ya narke da rana ya sake, ni ban ga amfaninsa ba, na taɓa ciro fim a kwali kwalin ya jiƙe sharkaf. Sai na koma tukunya cikin tukunya, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don ajiye tumatir da alayyahu har ya ci kyautar Rolex a 2000, ƙaramar tukunya cikin babba, yashi a tsakani kana jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A busasshiyar iska irin tamu tana aiki sosai, da damina ce take rage ƙarfi. Sai dai cikinta akwai laima, don haka fim na cikin robarsa, robar na cikin kwalba mai murfin murɗawa, da 'yan ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa a kwalin takalmi. In na ciro ba na buɗewa sai ya yi awa ɗaya a waje don kar ya yi gumi. Wanda na ɗauka da wanda ban ɗauka ba duk can suke, kuma na lura fim mai lamba 400 a kwali (lambar saurin kama haske) ya fi mai 200 saurin lalacewa, in dole wani ya jira to mai 200 ne.

Wani abu kuma, kar a bar kyamara cikin but ɗin mashin. Soson da ke bakin murfin baya na tsofaffin nan ya riga ya tsufa, zafi na narkar da shi ya koma danƙo, haske ya dinga shiga yana ja maka jan layi a gefen hoto kai kana zargin mai wanki.

Ɗan Runjin Sambo:
Madalla, na ƙaru. Malama Hajara in kin tashi haɗa magani ki yi magana nan, ni da Mai Zenit mu kawo namu mu raba kuɗin kit, kin ga ba sai kin daɗe kina tarawa ba. Amma ya kike saka fim cikin tanki, ɗaki mai duhu gare ki?

Hajara Gwiwa:
Ba damuwa Yaya, zan sanar, sai ku aiko ƙanina ya karɓa. Baƙar jakar nan mai hannuwa nake amfani da ita kuma nan ne bazara ke rama wa, minti biyu hannu ya yi gumi a ciki, ril ɗin roba da ake naɗa fim a kai kuwa da ya ji danshi fim ya cije, ba gaba ba baya, in ka matsa ya lanƙwashe ya bar maka tabo kamar farce a hoto. Yanzu da asuba nake sakawa, in wanke hannu da ruwan randa in goge sosai, ril ɗin kuma tun jiya na shanya shi.

Baba Mai Hoto:
Ɗiyata aje jikkar nan sai hunturu. Dare in an ɗauke wuta shiga ɗaki, toshe taga da ƙasan ƙohwa da bargo, ki zauna minti 5, in ba ki ga tahin hannunki ba to duhu ya yi. Waya ki bar ta waje, ko agogo mai haske cire shi. Kuma yanke kusurwar bakin fim ɗin da almakashi ta ɗan yi kwana kahin ki tura shi cikin ril, ba shi cijewa.