Baba ya ce rawa a coci ragowar bori ce, don Allah ku ba ni shawara

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin Almasihu. Ni 'yar ƙungiyar mawaƙa (kwaya) ce a wata coci nan cikin Katsina, asalinmu mutanen wajen Malumfashi ne. Ran Lahadin da ta wuce aka yi godiyar girbi, lokacin baiko, wato miƙa kyauta ga Allah, mun taso layi muna waƙa ana kaɗa ganga, ni dai ban san sanda na cire takalmi na shiga rawa ba har ɗankwalina ya faɗi, wata mama ce ta ɗauko ta miƙo min. Muna isa gida Baba ko abinci bai taɓa ba, ya ce na kunyata shi gaban dattawa, wai abin da suka baro a ƙauye shi na kwaso na kawo gaban bagadi. Tun ranar in na gaishe shi da "lafiya" kawai yake amsawa. Ni ba na so in yi musu da mahaifina amma kuma zuciyata ba ta ce na yi zunubi ba. Akwai aya a kan wannan? Kuma ta yaya zan tunkare shi?

Ɗan Sabon Layi:
'Yar'uwa ayoyi kam sun fi a ƙirga. Buɗe 2 Sama'ila sura 6, ranar da aka kawo akwatin alkawari Urushalima Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa gaban Ubangiji, sarki guda fa, kuma wadda ta leƙo ta taga ta raina shi matarsa Mikal ce, ki karanta ƙarshen surar ki ga yadda ta ƙare da ita. Sai Fitowa 15:20 Maryamu 'yar'uwar Haruna da mata bayan an haye teku, sai Zabura 47 tafi, Zabura 149 da 150 rawa da kayan kiɗa. Ki kai mishi kawai.

Maman Ishaku:
A'a ɗana, wane irin "ki kai mishi kawai"? So kake ta je ta ce wa ubanta shi ne Mikal? Kai dai yaro man kaza ne. 'Yata ki saurare ni, babanki ba jahilin Littafi ba ne, ya san waɗannan ayoyin tun ba a haife ki ba. Mu da muka tashi gidan Maguzawa mun ga abin da idonmu, a kafa garaya da ƙwarya tsakar gida, mace tana rawa tana rawa sai ta yanke jiki ta faɗi a ce iska ta hau. To mutumin da ya bar wannan, danginsa suka juya mishi baya saboda ya karɓi bishara, ya ga 'yarsa ba takalmi ba ɗankwali tana juyi, me kike so ya tuna? Tsoro ne ya kama shi ba ƙiyayya ba. Amma ni abin da ya warware min nawa tsoron shi ne 1 Sama'ila 16:23, garaya ce dai Dawuda yake kaɗa wa Saul mugun ruhu ya rabu da shi. Can ana kaɗawa a kira, nan an kaɗa an kora. Shekarata ashirin da wani abu ina buga tulu a Zumuntar Mata, gwiwa ce kawai ta fara hana ni tashi yanzu.

Wani Dattijo:
Madalla da Mama. Sai dai ku matasa ku riƙa karanta Littafin duka, wanda ya ce a yi rawa shi ya ce a Habakuk 2:20 Ubangiji yana cikin Haikalinsa duniya ta yi shiru, Bulus kuma a 1 Korantiyawa 14:40 ya ce a yi kome bisa tsari. Durƙuso ma ai da jiki ake yi, Zabura 95:6, amma ban cika ganin ana rige-rigen wannan ba. Kuma a faɗi gaskiya, wata rawar da nake gani lokacin baiko daga TikTok aka ɗauko ta, wani yana yi abokinsa na ɗauka da waya. Ban ce ke haka kika yi ba 'yata.

Ɗan Sabon Layi:
Baba na karɓi gyara. Amma gurgun nan na Ayyukan Manzanni 3 da tsalle ya shiga Haikali kuma Bitrus bai ce mishi ya natsu ba.

Maman Ishaku:
Shi shekara sama da arba'in bai taka ba, kai me ya same ka? 'Yata kar ki je da Littafi a hannu kamar za ki kotu. Ki bari da yamma ya ci ya sha, ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan ɗankwalin, wannan kam ki ɗaure shi da kyau gaba. Sannan ki tambaye shi ya ba ki labarin yadda ya tuba. In ya buɗe baki sai ki ce Baba ni fa murnar wannan nake wa rawa.

Mai tambaya:
Na gode Mama, Allah ya ƙara girma. Jiya da daddare na yi yadda kika ce, ya daɗe bai yi magana ba sannan ya ba ni labarin innarsa, wadda ban taɓa jin ko sunanta ba, ashe 'yar bori ce. Bai ce in ci gaba ba, bai kuma hana ba, ya dai ce ran Lahadi in bar takalmina a ƙafa. Da safen nan shi ya fara tambayata ko akwai koyon waƙa yau.