Kunun tsiro na roba a Samaru: wa ya sha, ya ya ji?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wata baiwar Allah a Samaru da ta fara ɗura kunun zaƙi a roba tana sayarwa, kala uku: na gero, na jar dawa, da wanda take haɗawa da tsiron shinkafa. Ba ta sa sukari, ta ce tsiro da dankalin Hausa ne ke kawo zaƙin. Jiya bayan la'asar na jera ukun a bakin tabarma. Na geron ya fi kauri, citta ta ji har tana kama maƙogwaro. Na dawar yana da ɗan bauri a ƙarshen harshe, irin na goro. Na shinkafar tsararo ne, sai ka haɗiye sannan zaƙin ya biyo baya. Ni dai na dawa ya tafi da ni. Wa ya taɓa sha?

Maman 'yan biyu, Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Kunu kam ya yi, amma ku ji ta kaina. Ranar Alhamis na sayo roba shida saboda baƙin Juma'a, na sa a firij, aka ɗauke wuta tun magariba. Da safe na tarar sun yi tam, gindinsu ya turo har ba sa iya tsayuwa. Ina murɗa murfin ɗaya sai fuuu! Ya wanke min hijabi, ya kai har silin. Ƙamshin ma ya juya, wani tsami mai hawa hanci. Maigida ya shinshina ya ce ba zai ba baƙi abin da yake shakka ba. Haka na tuttular a kwata ina kallon kuɗina suna gangarawa.

Ɗalibin aikin gona, ABU:
Hajiya sannu, amma ba cutarki aka yi ba. Idan hatsi ya tsira yakan fitar da sinadarin da ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa ake dama kaso mafi yawa na ƙullun da tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen ƙullun tsiron a bar shi ya kwana. In aka zuba da zafi ƙau, an kashe sinadarin, kunu ya fito salam. To sukarin nan shi ne abincin ƙananan halittu iri biyu: masu sa tsami kamar na nono, da yis irin na burodi mai fitar da iska. Iskar ce ta kumbura robarki. In ya daɗe a zafi yis ɗin ya fara haifar da barasa, don haka maigida bai yi kuskure ba. Burukutu ma da tsiron dawa ake fara shi, sai dai shi da gangan ake barinsa ya yi kwanaki. Kai, tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanoni suka koma wa dawarmu, har lemon malt ɗin da ake rabawa a biki. Ire-iren dawar da ake kira SAMSORG kuwa nan IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, aka fitar da su.

Baba na Ƙofar Doka:
Ɗana ka yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ma jikata ta kawo min na geron, na sha rabi. Ba laifi, sai dai kanumfari ya yi yawa, kuma roba na ɓata min ɗanɗano. Kakarmu a tukunyar ƙasa take yi, ta rufe da faifai, a ɗiba da ludayi a ƙwarya. Kafin azahar ya ƙare, wa zai bari ya kumbura?

'Yar Wusasa:
Baba a gafarce ni, ni kam na yamma na fi so. Na gwada roba guda: da hantsi zaƙi zalla, da la'asar ya ɗan yi tsami kaɗan, a lokacin ne ma ƙamshin cittar ke buɗewa. Na je har gidan karɓar oda, na ga tsiron a shimfiɗe kan buhu a zaure, an lulluɓe da wani jiƙaƙƙen buhun, saiwoyi farare sirara kamar zare sun sarƙe juna. Ta ce safe da yamma take yayyafa ruwa, sannan ta shanya kafin a kai inji. Aiki ne ja, wallahi ban ƙara neman ragi ba.

Maman 'yan biyu, Gyallesu:
To ai da ta faɗa min kar ya kwana babu sanyi! Ko takarda ta manna.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya yau na biya na isar da saƙonki. Dariya ta yi ta ce ita ma ya taɓa yi mata wanka a cikin Keke Napep. Ta ce daga yanzu za ta riƙa rubuta ranar da aka yi a jikin murfi, kuma ta daina cika robar har baki. Na dawa ya ƙare kafin na isa, sai Asabar.