Haruffan amarya da ango a kan abin wuya na azurfa: wanne zai shiga tsakiya?

Sani Maƙeri

Salamu alaikum, manyanmu a sana'a. Wata Hajiya ta kawo min aikin abin wuya da za ta saka a lefen ɗanta. Azurfa ce 925, wato kashi 92.5 cikin 100 nata azurfa ce zalla, faifan zagayayye ne, faɗinsa milimita 22, kuma zanen hannu take so, ba na inji ba. Ta nuna min hoto a waya: haruffa uku a sarƙafe, na tsakiya ya fi girma. Da na bincika sai na ga al'adar Amurkawa ce, harafin sunan dangin miji a tsakiya, na matar a hagu, na mijin a dama.

To mu ina muka ga sunan dangi? Amarya Hauwa'u ce, mahaifinta Aminu, ango Ɗahiru. Ko ta shekara 40 a gidan miji, sunan ubanta za ta ci gaba da amsawa. Me zan ɗora a tsakiya kenan? Na biyu, duk zanen da na yi a takarda, ƙugiyar Ɗ sai ta ɓace cikin lanƙwashe-lanƙwashen ado, ya koma D.

Baba Ilu

Wa alaikumus salam. Yaro, sauke harafi ɗaya ka huta. H da Ɗ sun isa. Uku a kan milimita 22 cunkoso ne, sai dai in kana so amarya ta riƙa yi wa ƙawayenta bayani.

H yana da ƙafa biyu a tsaye da gada a tsakiya, don haka shi ne ginshiƙi. Ka ratsa cikin Ɗ ta jikin ƙafarsa ta dama. Dokar sarƙafewa ɗaya ce, irin ta saƙar tabarma: in layi ya hau sama a mahaɗar farko, a ta biyu sai ya bi ta ƙasa. Inda ya bi ta ƙasa, tsaya da yanka kaɗan kafin ka taɓa ɗan uwansa, ka tsallake, ka ci gaba. Wannan ɗan gibin shi ke sa ido ya ga ɗaya a kan ɗaya.

Ƙugiya kuwa, abin da ke cinye ta shi ne ka yi mata kauri ɗaya da ado. Ka yanka ta da zurfin jikin harafin, ka bar wajenta fili, kada wani zare ya kusance ta. Ado ya zama siriri, kuma shi ne ƙarshen aiki, ba farko ba.

Ka zana babba a takarda, kamar ninki huɗu, sannan ka rage shi zuwa ainihin girmansa ka duba. Layuka da yawa da suka yi kyau a babba za su haɗe a ƙarami. Gwada a kan jan ƙarfe tukuna. A kan azurfar ka shafa farin fenti na ruwa, ya bushe, ka bi da fensir, ka maimaita da allura, kafin ƙarfen zane ya taɓa ta. Faifan za ka riƙa juyawa in ka zo kwana, ba hannunka ba.

Maman Iman

Malam Sani, ni ba maƙeriya ba ce, mai saye ce. Me zai hana ka gwada mata ajami? Hauwa'u da ح yake farawa, Ɗahiru da ط, kuma hannun ɗa ɗin nan dogo zai zauna daram cikin kwanon ha. Babu maganar ƙugiya ma. Sai dai don Allah, in an kawo maka suna irin Abdullahi, harafin farko kawai za ka saka. Abin wuya ana shiga da shi bayan gida.

Habu

Kada ka manta a juye ake zana irin waɗannan haruffan.

Baba Ilu

A'a Habu, wannan sai zoben hatimi, wanda ake bugawa a kan takarda ko kakin zuma don rubutun ya fito daidai. Abin wuya yadda ake karantawa haka ake zanawa.

Sani, in Hajiya ta dage sai ta ga uku, nuna mata tambarin Sarki Charles na Ingila da aka fitar a 2022. Haruffa biyu ne, C da R a sarƙafe, lambar III ƙarama a cikin R, kambi a sama. Gurbin kambin sai ka yi ɗan fure. Sunan mahaifi da shekarar biki su tafi baya, inda maƙeran Agadas ke sa alamarsu.

Sani Maƙeri

Allah ya saka da alheri, Baba. Anti, na gwada na ajamin a takarda, wallahi ya fi zama a idona, amma Hajiya boko ta gani a waya. Zan yanka duka biyun a jan ƙarfe in kai mata ta zaɓa. Baba, gibin mahaɗa rabin milimita ya isa, ko in ƙara?