Bangon albam ɗin kiɗan fim, sau biyu ana dawo mana da shi

Ɗan Kerentina: Salam jama'a ina wuninku. Dan Allah masu harkar zane a taimaka, ƙanina ne da abokansa suka yi ɗan gajeren fim a nan Jidda rabi Hausa rabi Larabci, to wanda ya yi musu kiɗan yana so ya fitar da shi daban a matsayin albam, waƙa 2 sai kiɗa zalla guda 5, ni aka ɗora wa yin bangon wai don ina da manhajar zane ta PixelLab a waya. Na yanko fostar fim ɗin na tura, kamfanin da ke kai wa manhajojin jin waƙa na Spotify da Anghami ya dawo da shi har sau biyu, wlh ban gane mushkilar ba

Ɗan Riyad: turo mu gani

Ɗan Riyad: kai ya akhi 😂 lambar jawwal ɗinka, wato wayarka, ce fa a ƙasa, ga sunanka na Instagram, ga tambarin Spotify ka manna a gefe. Duk ba sa karɓa. Cire su kaf. Sannan tsawo da faɗi su zama ɗaya, 3000 da 3000 fiksel, JPG ko PNG, kala RGB, wato tsarin kalar fuskar waya da kwamfuta. Naka ƙarami ne ka ja shi da ƙarfi shi ya sa ya dushe. Kuma sunan da ke jikin hoton ya zama daidai da wanda kuka cike a fom, ko harafi kar ya bambanta

Ƴar Shara Mansur: Ƙanina ko sun karɓa ni ban yarda da wannan ba gaskiya. Fosta daban bangon albam daban. Fosta ta tsaye ce, a jikin bango ake liƙa ta mutum ya tsaya ya karanta, shi ko wannan a cikin waya za a gan shi bai fi farcen babban yatsa ba. Kai kuma ka jera kawuna shida irin na fostocin Kano na da, ga sunan darakta ga mai ɗaukar hoto ga godiya ta musamman, wa zai karanta? Ka rage shi ya koma ɗan mitsitsi ka miƙa wa yaro a gida ka ce me ka gani, in ya yi shiru to ba ka yi komai ba. Abu ɗaya ake nema. Meye a fim ɗin da in an gani za a tuna da kiɗan?

Ɗan Kerentina: Anti akwai tsohuwar rediyo mai kaset ta kakan yaron, a labarin shi ne ya taso daga Kano ya biyo ta Sudan, duk sanda aka kunna ta kiɗan ke shigowa

Ƴar Shara Mansur: to halas ka samu. Rediyon kawai, ba fuskar kowa. Ku kai ta Balad, tsohon garin Jidda, bayan la'asar ku ajiye a dakali ƙarƙashin tagogin katakon nan na roshan, hasken lokacin ya fi, ka bar sarari a sama inda suna zai zauna. Kar ka ƙara mata wuta da hayaƙi dan Allah na san halinku

Ɗan Kerentina: 😅 har na sauke hayaƙin. Wata matsalar kuma sunan fim ɗin akwai ƙ da ɗ, duk salon haruffan da ya burge ni sai su fito akwati-akwati

Ɗan Riyad: yawancinsu ba su san da masu ƙugiya ba. Gwada Noto Sans ko Andika ko Charis, kyauta ne kuma suna da ɓ ɗ ƙ ƴ. Na Larabcin ka duba Cairo ko Tajawal, in kana son na gargajiya Amiri. In a Photoshop ne ka kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya tukun, in ba haka ba haruffan sai su rarrabu su juya baya, na taɓa miƙa aiki a haka ban lura ba sai da mai shi ya kira ni. In ba ka da Photoshop buɗe Photopea a burauza, yana buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop

Baba Alhaji: Yara me ya hana ku rubuta da ajami? Tsohon da ya zo da ƙafa ai ba boko ya iya ba

Ƴar Shara Mansur: Baba Allah ya ƙara girma, wannan ta fi tawa. Akwai salon Alkalami, an yi shi ne a kan hannun rubutun Kano mai kauri ɗin nan na allo, zai zauna da rediyon sosai. Amma sai wanda ya iya ya duba wasullan kafin a tura

Baba Alhaji: ku kawo min in duba

Mai Gem: ni kiɗan gem, wato wasannin bidiyo, nake wa bango, nawa ɗaya ne, kar ka ɗauki tambari ko ɗan wasan wani ka sa ko da kai ka sake zana shi, hakkin mallaka ne za su sauke albam ɗin. Ka leƙa ayyukan kamfanonin Mondo da iam8bit na Amurka ka ga yadda suke sa a zana sabon hoto ga faifan fim da na gem maimakon fostar, amma su da izini suke yi. Ido kawai za ka wanke ba kwafa ba

Mai Matba'a: In za ku buga CD na rabawa ranar nuna fim ɗin, gaban santimita 12 ne da 12, kaifin hoto 300 dpi, ka bar rarar milimita 3 kowane gefe saboda wuƙar yanka, rubutu kuma ya matso ciki. Mu da CMYK, tsarin kalar tawada, muke bugawa, shuɗi da kore masu ƙyallin nan na waya sai sun ɗan mutu a takarda, kar ka zo kana min rigima. Ka zo da asalin fayil ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, yana matse hoto

Ɗan Kerentina: Allah ya saka da alheri duka. Saura rediyon, ta kakarmu ce ta gaske, ranar ɗaukar fim ma sai da ta biyo su ta zauna a kujera tana gadi

Ƴar Shara Mansur: ku tafi da ita Balad ɗin mana, ku saya mata sobiya a hanya