Neman shawara: Super Bomberman ya ƙi karɓar mutum huɗu, ga Sallah saura kwana tara

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mu huɗu ne maza a ɗakinmu, ni ne na uku. Wajen 1996 ƙanin mahaifinmu ya dawo daga karatu a Ingila, ya zo mana da Super Nintendo da kaset biyu. Ɗaya na tseren mota ne, bai dame mu ba. Ɗayan shi ne Super Bomberman na kamfanin Hudson Soft, wanda ya fito a 1993, haɗe da wani ɗan akwati da ake kira Multitap, wanda ake cusa wa hannayen gem don mutum huɗu su buga lokaci guda. Ga wanda bai san wasan ba: fili ne mai lungu-lungu, kowa a kusurwarsa, an toshe hanyoyi da bulo. Sai ka ajiye bam ka ruga ka laɓe, wuta ta tashi gabas da yamma, kudu da arewa, ta fasa bulon da ta tarar. A ƙarƙashin bulon ake tsintar ƙarin bam, ƙarin tsawon wuta, takalmin gudu, da safar dambe ta cilla bam. Wanda ya rage da rai shi ya ci.

Babban yayanmu shi ne fari kullum, domin hannu na ɗaya nasa ne, ba a ja da shi. Autanmu kuwa lokacin bai fi shekara shida ba, yana ajiye bam ɗin farko sai ya toshe kansa a kusurwa ya ƙone, ya fashe da kuka. Yaya ne yake ajiye nasa hannun ya ɗora shi a cinya, ya riƙe masa yatsu yana nuna masa yadda zai fasa bulo ɗaya ya koma gefe. Har yau ina ganin wannan a idona. Baba, Allah ya jiƙansa, idan ya dawo daga sallar isha'i ba ya magana, soket kawai yake kashewa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Baba. Wajen rabon gida aka samu saɓani, yanzu Yaya da Auta ko gaisawa ba sa yi. Bana Hajiyarmu ta ce duk wanda ta haifa a gidanta zai yi Sallah. Sai na ce bari in nemo wasan nan in kunna a falo, ko Allah zai sa su zauna kan tabarma ɗaya. Na samu na'urar a wurin wani mai kayan gwanjo, da kaset da Multitap da hannu huɗu. Kuɗin ya kusa cinye rabin albashina.

Ga matsalar. Hoton baƙi da fari yake fitowa. Hannu biyu suna yi, amma da na haɗa Multitap na uku da na huɗu ko motsi. Mutumin ya daina ɗaga wayata. Me zan yi?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya daidaita tsakaninku. Amma ba ka faɗa mana irin na'urar ba. Ta Amurka ce ko ta Turai? A wace irin talabijin ka haɗa?

Injiniya Tsohon Hannu:
Malam, shekara ashirin ina buɗe cikin na'urorin nan, saboda haka ka saurare ni da kyau. Ba sai ka faɗa ba, ta Amurka aka sayar maka. Talabijin ɗinmu a Najeriya tsarin PAL take bi, irin na Ingila, hoto 50 a daƙiƙa. Amurka da Japan NTSC suke bi, 60. Idan ka haɗa na'urar NTSC da talabijin da PAL kaɗai ta sani, kala ce take fara ɓacewa. Duba maɓallan kunnawa: in ka ga dogaye guda biyu masu launin shuɗi-shuɗi mai ja, jikin na'urar kuma mai kusurwa-kusurwa, ta Amurka ce. Ta Turai da ta Japan jikinsu a lanƙwashe yake, maɓallan hannunsu kuma kala huɗu ne, ja da rawaya da kore da shuɗi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma wuta ce. Adaftar Amurka ta asali wutar 120 take sha, tamu 230 ce. Cire ta daga soket yanzu-yanzu. Shawarata guda ce: ka tattara kayan nan ka ajiye, ka ari Nintendo Switch ka sa Super Bomberman R. A 2017 ya fito, yana ɗaukar har mutum takwas, babu ruwanka da kaset mai shekara talatin.

Abban Sultan:
Na gode Injiniya. Eh, maɓallan irin waɗanda ka faɗa ne, na lura ba irin ta gidanmu ba ce tun a shagon, amma ita kaɗai ke akwai. Wuta kuma ba matsala, ya ba ni adafta kuma tana kawowa. Batun Switch, ka yi haƙuri, ba sabon nake nema ba. Na gan shi a waya, ba kiɗan ba ne, ba hoton ba ne. Yaya ya haura hamsin, in bai ji kiɗan da ya sani ba ko kallon talabijin ɗin ba zai yi ba.

Injiniya Tsohon Hannu:
"Tana kawowa" ɗin nan ita ce ta kashe na'urori da yawa a kan teburina. Me aka rubuta a bayan adaftar? Kuma in kiɗan da ya sani kake nema, ai ka riga ka kuskure. Kun taso da ta Ingila, wadda wasanni da yawa ke tafiya a kanta da jinkirin kusan kashi 17 cikin ɗari in aka kwatanta da ta Amurka. Hannunku da wancan saurin ya saba.

Sadiq Na Zariya:
Injiniya, a yi adalci. Adaftocin yanzu da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240, suna shan kowace wuta. In sabuwa aka ba shi babu abin da zai ƙone. Abban Sultan, ka gwada wata talabijin ɗin kawai, filasma da yawa suna karɓar tsarin biyu ta wayar nan mai kai uku. Ko ta maƙwabci ce ka gwada kafin ka kashe wani kuɗin.

Injiniya Tsohon Hannu:
Sadiq, ai ba ƙarfin wutar da ke shiga kaɗai ake dubawa ba, har da wadda ke fita. Ta Amurka DC take so, wato irin wutar batir, adaftar ta Turai kuma AC take bayarwa, irin wutar soket. Masu gwanjo duk abin da ya shiga rami shi suke haɗa wa mutum.

Abu Ammar:
Wallahi masu gwanjon nan sai dai Allah ya isa. Bara na sayi Sega Mega Drive don in nuna wa yarana Mega Bomberman, na 1994 ɗin nan mai dabbobi kamar kangaru da ake hawa, kore mai gudu, mai ruwan hoda mai rawa. A shagon ta yi aiki lafiya lau. Ina zuwa gida minti goma ta ɗauke. Na buɗe na tarar ba ta asali ba ce, ɗan allo ne kamar tafin hannu a cikin ƙaton kwali. Na koma ya ce shi bai taɓa ganina ba. Sau uku ina zuwa, har shugaban layinsu na kai wa ƙara, ƙarshe aka ce in yi haƙuri. Har yau tana saman sif. Kai ma ka tabbata taka ta asali ce, domin wasu na kwaikwayon ba sa karɓar Multitap.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gaba ta shekara huɗu a kan gado ba wasan yara ne zai kashe ta ba. Ina ƙanin mahaifin naku da ya kawo muku na'urar? In yana raye shi ne uba a yanzu, shi ya kamata ya kira su ya zaunar da su. Mu ma haka ta faru a gidanmu kan gona, yayyena biyu shekara shida ba sa shiga sabgar juna, ni ce a tsakiya, wannan ya kira ni ya zagi wancan, wancan ya ce na goyi bayan wannan. Har mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali ba su shiga ɗakin lokaci ɗaya ba. Kada ka jira Sallah, ka je wurin manya gobe.

Abban Sultan:
Na gode Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Manya sun zauna sau biyu. Limamin unguwarmu ma ya yi magana. Kowane zama sai an koma kan lissafin ɗakuna da shago, a tashi baram-baram. Shi ya sa nake son abin da babu maganar gida a cikinsa. Ban ce gem zai raba gado ba. So nake su yi minti biyar suna kallon abu ɗaya.

Ɗan Tanki:
To in haka ne ka zaɓi wasan da bai dace ba. Mutum biyu suna fushi da juna, sai ka ba su bam ka ce su ƙone juna a gaban mahaifiyarsu? Nemo musu Battle City, wanda muke kira tanki. Namco ne suka yi shi a 1985, mataki 35, yana cikin kusan kowane kaset ɗin nan mai rawaya na na'urorin da suka cika kasuwa da. Mutum biyu ne suke tsare gaggafa ɗaya a cikin ɗan gidan bulo. In ka harbi ɗan'uwanka ba ya mutuwa, daskarewa yake yi na ɗan lokaci. Dole ɗaya ya ce "riƙe hagu, ni zan riƙe dama". Ka ga magana ta fara ke nan. Kuma da arha za ka same shi, ba ka buƙatar wani Multitap.

Baban Hanifa:
Maganar Ɗan Tanki abin dubawa ce. Ko a Super Bomberman ɗin ma akwai ɓangaren labari da mutum biyu suke haɗa kai su yaƙi abokan gaba. Tunda hannu biyu suna yi, ai ka riga ka samu abin da kake nema. Ba wa Yaya ɗaya, ba wa Auta ɗaya.

Abban Sultan:
A'a, ba ku san su ba. In na miƙa musu hannu su biyu kaɗai, nan take za su gane shiri ne, Yaya zai tashi ya fita. Dole sai mu huɗu, yadda muka saba, ni da mai bi wa Yaya muna ciki, ya zama kamar ba don su aka yi ba. Kuma ba mu taɓa yin tanki a gidanmu ba.

Ummi K.:
Yaya Abban Sultan, a gidanmu ma akwai shi. Tambaya uku. A wane rami ka cusa Multitap ɗin? Na biyu ake sa shi, hannu na ɗaya kuma ya zauna a jikin na'urar. Sannan a jikin na Hudson akwai ɗan makunni, gefe ɗaya an rubuta 2P, ka tura shi ɗaya gefen. Na uku, kafin a fara fafatawar akwai shafin da ake zaɓa wa kowane ɗan wasa MAN ko COM ko OFF. In na uku da na huɗu suna kan COM, kwamfuta ce ke tuƙa su, ko ka danna har gobe ba za su saurare ka ba.

Injiniya Tsohon Hannu:
Matsalar ta wuce duk wannan. Na'urar da ta yi shekara talatin a jibge, ramukan sun yi tsatsa, ƙafafun ciki sun saki. Sai an buɗe an goge da sifirit, wataƙila a sake like wasu da dalma. Kuma ku daina hura wa kaset iska da baki, danshin ne yake cinye ƙarfen. Hudson ɗin ma yanzu babu shi, Konami ta haɗiye shi tun 2012, wa zai kawo maka kayan gyara? In ka ƙi Switch, sa wasan a kwamfuta ka haɗa da talabijin, ka sayi hannu huɗu na USB. Hoto ɗaya, kiɗa ɗaya, cikin awa guda ka gama.

Sadiq Na Zariya:
Injiniya, ka bari ya gwada na Ummi mana, ko sisi ba zai kashe ba.

Abban Sultan:
Ƙanwata na gode. Ina jin na gwada ramukan duka biyun, amma ban lura da wani makunni ba, nawa ma ban ga an rubuta Hudson a jikinsa ba. Batun kwamfuta kuma, Injiniya, so nake Auta ya shigo ya ga na'urar a ƙasa da wayoyinta, ya ɗauki kaset ɗin da hannunsa. Abin da zai taɓa masa zuciya ke nan. In laftof ya gani zai zaci aikin ofis nake yi.

Maman Ilham:
Har yanzu ba ka ce komai kan ƙanin mahaifinku ba.

Abu Ammar:
In ba a rubuta Hudson ba, to ka ji abin da nake faɗa. Turo hoton ƙasan na'urar mu gani.

Abban Sultan:
Kawu yana nan, amma shi ma yana da bakinsa a maganar shagon, labarin da tsawo. Hoto sai an kawo wuta, tun azahar babu, wayata saura kaɗan ta mutu. Baƙi da farin ma na fara tunanin in bar shi haka, illa dai ja da shuɗi ba za a bambance su ba, kuma Auta shi ne shuɗi. Akwai wanda yake Kano da ke da tsohuwar talabijin mai ƙeya da zai ara min ta kwana biyu?

Injiniya Tsohon Hannu:
Mai ƙeyar ce ma ta fi ƙin NTSC. Ka karanto min abin da ke bayan adaftar nan tukuna.