Masu sana'a a Texas, yaya kuka samu jihar?

Mai jigila daga California: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan kamfanin jigilar kaya a California, kuma ina tunanin mayar da shi Texas. A nan duk shekara sai na biya jiha dala 800, ko na ci riba ko ban ci ba. Waɗanda kuke can, don Allah ku faɗa mini gaskiyar lamarin.

Direban tirela, Houston: Wa'alaikumussalam. Malam, in dai jigila ce, taho kawai. Da dala 300 na yi rajistar kamfanina. Jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga hannun mutum, harajin kamfani kuma ba ya hawa kanka sai cinikinka na shekara ya haura dala miliyan biyu da ɗoriya. Kaya ba sa yankewa: ga tashar jiragen ruwa ta Houston, ga Laredo a bakin iyakar Meziko. Da wuya tirelata ta dawo fanko.

Hajiya mai gidan abinci, Dallas: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma shi shagonsa a kan taya yake. Mu masu zama wuri guda mun san inda ake fanshe kuɗin: harajin gini. Haya nake yi, amma a yarjejeniyar da na sa wa hannu, ni nake biyan kasona na harajin ginin da inshorarsa, kuma suna tashi ba tare da an yi shawara da ni ba. Ga harajin sayarwa kashi 8.25 cikin ɗari da nake tarawa in miƙa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sanyin Fabrairun 2021. Wuta ta ɗauke, bututun ruwa suka daskare suka fashe, na zo na tarar da kicin ya zama tafki. Ɗan'uwa, ka karanta takardar haya layi-layi kafin ka sa hannu.

Mai harkar manhaja, Austin: Tun da kamfanin motocin lantarki na Tesla ya dawo da hedikwatarsa nan a 2021, ƙwararru sun ƙaru, amma riƙe su sai mai ƙarfi. Matasa biyu na horar, manyan kamfanoni suka ɗauke su da albashin da ba zan iya biya ba.

Mai jigila daga California: Allah ya saka da alheri. Hajiya, sito nake son kamawa, don haka maganarki ta shafe ni kai tsaye. Alhaji, inshorar tirela fa, yaya take a wajenku?